Narvik: Garin da Tama ta Haifa

Idan mai karatu ya ɗauki taswirar ƙasar Norwe ya bi layin dogo da yatsa daga Oslo, babban birnin ƙasar, ya nufi arewa, zai ga layin ya yi ta miƙawa har ya tuƙe a wani gari da ake kira Bodo. Daga nan kuma babu sauran dogo. Sai ya tsallake duwatsu da ruwaye na fiye da kilomita 200 kafin ya sake cin karo da wani ɗan guntun layi, wanda tsawonsa bai wuce kilomita 43 ba, ya taso daga bakin teku ya haura tsauni ya faɗa ƙasar Suwidin. Garin da ke gindin wannan guntun layi shi ne Narvik, kuma tarihinsa muke so mu ɗan waiwaya a wannan fitowa. Gari ne na Norwe, amma jirginsa bai san hanyar Oslo ba sai ta cikin ƙasar maƙwabta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa tun farko ba domin mutanen Norwe aka shimfiɗa layin ba, kuma duk halin garin, daɗinsa da wahalarsa, daga nan ya samo asali.

Narvik yana can ƙuryar arewacin duniya, a bakin wani dogon hannun teku da ya kutsa tsakanin duwatsu, wanda ake kira Ofot. Daga ƙarshen watan Mayu zuwa tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa a wurin, a watan Disamba kuwa ba ta leƙowa ko kaɗan. Mu da muka saba auna lokutan salla da inuwa, sai mu ce Allah mai iko. Mutanen da ke cikin garin a yau wajen 14,000 ne. Kafin zuwan dogo kuwa, babu kome a wurin sai 'yan gonaki da masunta, da kuma mutanen Sami, makiyayan wata irin barewa ta ƙasashen sanyi, waɗanda suke kai da kawowa da garkunansu tsakanin tsauni da gaɓar teku tun kafin a shata iyaka. Sunan Narvik ɗin ma sunan ɗaya daga cikin gonakin ne.

To, me ya kai jirgin ƙasa wannan wuri? Amsar tana hayin iyaka. A ƙasar Suwidin, kimanin kilomita 170 daga Narvik, akwai wasu duwatsu biyu, Kiirunavaara da Luossavaara, waɗanda cikinsu cike yake da tama mai kyan gaske. An daɗe da sanin tana nan, amma abu biyu ya hana a more ta. Na farko, tamar tana da sinadarin fosfaras da yawa, kuma ƙarfen da aka narka daga irinta yakan yi gautsi, da ya ji sanyi sai ya karye. Wannan matsala ta kau a 1878, lokacin da wasu 'yan Ingila biyu 'yan uwan juna, Sidney Gilchrist Thomas da Percy Gilchrist, suka gano yadda za a raba ƙarfe da wannan sinadari. Nan da nan dutsen da aka raina ya zama dukiya. Na biyu shi ne hanyar fitarwa. Suwidin tana da tashar jiragen ruwa a Lulea, amma tekun da ke wurin yakan daskare na watanni a kowace shekara, jirgi ba shiga ba fita. A ɓangaren Norwe kuwa, duk da cewa Narvik ya fi Lulea shigewa arewa, akwai wani ruwa mai ɗumi da yake gangarowa daga yankin tekun Meziko ya bi gaɓar ƙasar, saboda haka ruwan Ofot ba ya ƙanƙara, ga shi kuma da zurfi. Wato dai dukiya tana gidan wani, ƙofar fita tana gidan wani.

Wani kamfanin Ingila ne ya fara gwada sa'arsa. Ya soma aiki a 1884, ya kammala ɓangaren Lulea zuwa ma'adinan Gallivare a 1888, ya kuma fara sara dutse a ɓangaren Norwe. A 1887 aka raɗa wa wurin da za a yi tasha suna Victoriahavn, wato Tashar Biktoriya, domin girmama matar yarima mai jiran gado. Sai dai kamfanin ya ɗauko dala ba gammo, jarinsa ya karye a 1889, ma'aikata suka watse, ciyawa ta rufe abin da aka fara. Sai a 1898 majalisun dokokin ƙasashen biyu, waɗanda a lokacin sarki ɗaya ke mulkinsu, suka yanke shawarar gwamnati ta ɗauki aikin da kanta. A shekarar nan ce kuma aka ajiye sunan gimbiya aka koma ga sunan tsohuwar gona.

A nan ya kamata mu ɗan dakata, domin shekaru huɗun da suka biyo baya su ne suka ƙera halin garin. Dubban leburori suka yi ta kwararowa daga Suwidin da Norwe da Finlan. Ana kiransu rallar, wato mutanen da ba su da gari sai inda aikin dogo ya kai su, in an gama nan su ɗaura kaya su nufi gaba. Aikin diga ne sosai, irin wanda kakanninmu suka sani, illa dai su waɗannan da ƙafarsu suka kawo kansu domin lada. Da diga da shebur da guduma da nakiya suka sassaƙa hanya a jikin tsauni, sama dutse ƙasa teku, suka huda ramuka wajen 20 a cikin dutsen domin jirgi ya ratsa, a ƙasar da dusar ƙanƙara takan rufe bukka har rufinta. Daga bakin ruwa zuwa iyaka layin ya haura sama da mita 500. Akwai wata gada ta ƙarfe a kwarin Norddalen mai tsawon mita 180, wadda hafsoshin soja suka nace a bi ta wurin, domin idan Rasha ta kawo hari ta gabas a tarwatsa ta a datse hanya. Tun ba a ɗora tarago ko ɗaya a kan layin ba, masu mulki sun riga sun san abin da suke ginawa zai iya jawo yaƙi.

Kayan aiki da abinci ta ruwa ake kawo su, a sauke a ƙarshen wani reshen teku, a wani wuri mai suna Rombaksbotn, daga nan dawaki da mutane su haura da su. Kafin a ce me, wurin ya zama gari mai mutum wajen 500, da kantuna da masauki da gidajen giya. Da aka gama layin sai garin ya rasa dalilin zamansa. Gobara ta cinye shi a 1903, ba wanda ya damu ya sake ginawa. Masu yawon buɗe ido da ke bin tsohuwar hanyar leburori a yau, harsashin gini kawai suke tararwa. Mun kawo labarin Rombaksbotn ne domin shi ne ƙanin Narvik da bai yi rai ba. Uwa ɗaya ta haife su, bambancin kawai shi ne ɗaya jirgi ya wuce shi, ɗaya kuma a ƙofarsa jirgi yake tsayawa.

Kowace ƙungiyar leburori tana da mace mai dafa mata abinci, wadda take kwana a bukka ɗaya da su, ta ɗebo ruwa, ta faskara itace, ta yi wanki. A cikin waɗannan mata akwai wadda sunanta ya fi na injiniyoyin layin duka tashe. Ana yi mata laƙabi da Svarta Bjorn, wato Baƙar Beyar, sunan wata ƙatuwar dabbar dajin ƙasashen sanyi, saboda an ce doguwa ce mai baƙin gashi, mai ƙarfi kamar namiji. Abin sha'awa, kalmar farko ta laƙabin harshen Suwidin ce, ta biyu kuma a bakin mutanen Norwe aka rubuta ta, kamar dai yadda layin kansa yake rabi nan rabi can. Labarin da aka fi bayarwa shi ne wata 'yar uwar sana'arta ce ta ji mata rauni a faɗan da suka yi a kan namiji, raunin ya zama ajalinta tana da ƙuruciya. A maƙabartar leburori ta Tornehamn, a ɓangaren Suwidin, akwai kabarin da aka rubuta wa suna Anna da sunan ƙasar Norwe. Masu bincike da dama sun tafi a kan cewa ita ce Anna Rebecka Hofstad, 'yar yankin Helgeland, wasu kuma suna ganin labaran mata da yawa ne aka haɗa aka ɗora wa mutum ɗaya.

Ga 'yan uwa marubuta, akwai abin lura a nan. Littattafan kamfani da na gwamnati sun ƙidaya kowane tan na tama da kowane kwabo da aka kashe, amma ba su damu da sunan wadda ta dafa wa masu fasa dutse abinci ba. Bakin leburori ne ya riƙe ta, har zuwa 1954 da Nils A. Ytreberg, wanda masanin tarihi ne, ya rubuta ƙagaggen labari a kanta. Mutumin da ya saba da takardun ajiya, da ya zo kan wannan mata sai ya ga takarda ta ƙare, ya koma ga ƙirƙira. A ganinmu bai yi laifi ba, tun da bai ce wa kowa tarihi ya rubuta ba. A yau akwai mutum-mutuminta a Narvik, kuma kowace shekara a watan Maris ana bikin hunturu na mako guda, maza su sa baƙar malafa da falmaran irin na leburorin da, mata su yi shigar masu dafa abinci, a zaɓi budurwa ɗaya a naɗa ta Svarta Bjorn ta shekara. Sarki ne ya buɗe layin, amma garin da ya tashi zaɓen wanda zai riƙa tunawa, mai tukunya ya zaɓa.

Narvik ya zama gari mai cin gashin kansa ranar 1 ga Janairu 1902, da mutum 3,705. Jirgi ya fara bin layin a watan Nuwamba na shekarar, Sarki Oscar na Biyu kuma ya yi bikin buɗewa ranar 14 ga Yuli 1903. Bayan shekara biyu kacal, a 1905, Norwe ta raba gari da Suwidin, sarki ya zama na hayi, amma tama ba ta fasa gangarowa ba. Kamfanin LKAB na Suwidin, wanda aka kafa a 1890, shi ne mai ma'adinan, shi ne kuma mai wurin lodi a bakin ruwa. Layin dogo da filin kamfanin suka raba garin gida biyu, unguwar Oscarsborg a gefe ɗaya, Frydenlund a ɗaya gefen, gada ce ke haɗa su. A 1923 aka sa wa layin lantarki. Gari ne na 'yan ƙwadago tun daga tushe, ba shi da tsofaffin gidajen sarauta ko na attajirai, kusan kowa baƙo ne ko ɗan baƙo, kuma albashin gida ko daga reluwe yake fitowa ko daga kamfani.

Babban mai sayen wannan tama shi ne Jamus. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, masana'antun makaman Hitila sun dogara ƙwarai a kan tamar Suwidin, kuma da hunturu babu inda za ta bi sai Narvik. Churchill, wanda a lokacin shi ne ministan sojan ruwa na Ingila, ya yi ta matsawa a toshe wannan hanya. Norwe ta ce ita 'yar ba-ruwanmu ce, amma wanda ya zauna a bakin rijiya ba ya hana masu ƙishi zuwa. Ranar 8 ga Afrilu 1940 jiragen Ingila suka dasa nakiyoyi a ruwan Norwe. Washegari da asuba, cikin hazo da dusar ƙanƙara, jiragen yaƙin Jamus 10 suka shigo Ofot ɗauke da sojan tsauni wajen 2,000 a ƙarƙashin Janar Eduard Dietl.

Abin da Norwe take da shi a wurin tsofaffin jiragen yaƙi ne biyu, Eidsvold da Norge, kowanne ya kai shekara 40. Jamusawa suka aika da jami'i a ƙaramin kwalekwale ya nemi Kyaftin Odd Isachsen Willoch na Eidsvold ya miƙa wuya. Ya ƙi. Jami'in yana barin jirgin ya harba jar wuta sama, alamar da aka shirya, nan take aka sakar wa Eidsvold makamai ta ƙarƙashin ruwa ya rabe biyu. Ba a jima ba Norge ya bi shi. Mutum 276 suka halaka a wannan safiya. A tudu kuwa, kwamandan garin, Kanar Konrad Sundlo, wanda ɗan jam'iyyar Quisling ne mai ƙaunar Jamus, ya miƙa Narvik ba tare da faɗa ba. Bayan yaƙi an yi masa shari'a aka ɗaure shi.

Ingila ba ta ɓata lokaci ba. Ranar 10 ga Afrilu Kyaftin Bernard Warburton-Lee ya kutsa da jirage 5 ya afka wa Jamusawa a cikin tashar, aka kashe shi, aka kuma kashe kwamandan jiragen Jamus, Friedrich Bonte. Ranar 13 ga wata babban jirgin yaƙi Warspite ya shigo da rakiyar jirage 9, suka ƙarasa sauran. Duk jiragen Jamus 10 ɗin nan babu wanda ya koma gida, kuma har yau ana ganin gawar ɗaya daga cikinsu, Georg Thiele, a jingine a bakin dutse kusa da inda Rombaksbotn ya taɓa zama. Daga nan yaƙi ya koma kan tsauni. Sojan Norwe a ƙarƙashin Janar Carl Gustav Fleischer, da na Faransa a ƙarƙashin Janar Bethouart, da na Folan da na Ingila, suka yi ta tura Dietl baya a kan layin dogon nan har ya kusa jingina da iyakar Suwidin. Ranar 28 ga Mayu 1940 suka ƙwace Narvik. Ana yawan ɗaukar wannan a matsayin babbar nasara ta farko da sojan taron dangi suka samu a kan sojan Hitila a tudu.

Murnar ba ta kai mako biyu ba. Tun ranar 10 ga Mayu Jamus ta afka wa Faransa, saboda haka tun kafin a shiga Narvik an riga an yanke shawarar janye sojan taron dangi, an dai ɓoye wa mutanen Norwe ne har kusan ƙarshe. Abin da ake so kawai shi ne a lalata wurin lodin tama kafin a tafi. Kafin 8 ga Yuni duk sun shiga jirage, Sarki Haakon ya bar ƙasar ranar 7, sojan Norwe da aka bari suka ajiye makamai ranar 10. Wani ɓangare na sojan Faransa da suka yi wannan yaƙi cikin ƙanƙara sun bi Janar de Gaulle, kafin shekarar ta fita har sun sauka Duwala ta ƙasar Kamaru. Shi kuwa garin, abin da igwar jiragen Ingila ta rage, bama-baman jiragen saman Jamus suka ƙone shi. Wani abin takaici kuma, da Faransa ta faɗi sai Jamus ta sami tamar yankin Lorraine a hannunta, darajar Narvik ta ragu a idonta. An rushe gari domin hana abin da cikin 'yan makonni aka same shi ta wata hanya.

Magajin garin na lokacin, wani matashin lauya mai suna Theodor Broch, Jamusawa sun yanke masa hukuncin kisa amma ya tsira, ya tsallaka Suwidin ta kan tsauni, ya kai Amurka, inda ya wallafa littafin abin da ya gani a 1942. Waɗanda suka rage suka sha mulkin mamaya na shekara biyar. Layin dogon da leburori suka sassaƙa ya koma hanyar jigilar sojan Jamus, domin daga 1940 zuwa 1943 Suwidin ta yarda su riƙa ratsa ƙasarta a jirgi. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Beisfjord, 'yan kilomita kaɗan daga garin, inda aka tsare fursunoni wajen 900 daga Yugoslabiya. A dare ɗaya cikin watan Yuli 1942 aka kashe 288 daga cikinsu, wasu da harsashi, wasu an ƙone su a cikin ɗakunan da aka kulle su, wai don suna da cuta mai yaɗuwa.

Bayan 1945 aka sake gina Narvik cikin gaggawa da siminti, shi ya sa baƙon da ya je neman kyawawan gidajen katako irin na sauran garuruwan Norwe ba zai sami da yawa ba. Tama ta ci gaba da gangarowa. A zamanin nan jirgi ɗaya yakan ja tarago 68, kowanne da tan 100, tsawon jirgin ya kai mita 750. Tun daga 2009 ana zazzage tamar ne a cikin manyan rumbuna da aka haƙa a cikin dutse, abin da ya rage ƙurar da ta daɗe tana damun masu shanya. Na'urori sun karɓe aikin hannu da yawa, saboda haka garin ya nemi wasu hanyoyin abinci, akwai reshen jami'a mai koyar da aikin injiniya, akwai gidan tarihin yaƙi da aka buɗe sabon gininsa a 2016, ga kuma doguwar gadar Halogaland mai mita 1,533 da aka buɗe a 2018. Tun 1993 akwai jirgin kaya da yake tasowa daga Oslo ya ratsa Suwidin, tafiyar kusan kilomita 2,000, ya kawo kayan masarufi ya koma da kifi. An sha yin muhawara a majalisa a kan a haɗa Narvik da sauran layukan ƙasar, amma har yanzu maganar ba ta wuce takarda ba.

Layin kuwa har yau ƙwaya ɗaya ne, jirgi mai hawa sai ya raɓe a tasha ya jira mai gangarowa. A watan Disamba 2023 wani jirgin tama ya kauce daga kan dogo a Vassijaure, jim kaɗan bayan iyaka a ɓangaren Suwidin, ya lalata layin na kilomita da dama. Fiye da wata biyu babu jirgin da ya shiga Narvik. Tama ta taru tsibi-tsibi a Kiruna, kayan kanti da kifi suka koma bayan manyan motoci a kan hanyoyi masu santsi. Da aka gyara aka buɗe a watan Fabrairu 2024, ba a yi mako guda ba wani jirgin ya sake kaucewa a kusa da wurin, aka sake rufewa. A cikin shekarar ce kuma aka bai wa Narvik izinin karɓar baƙuncin gasar duniya ta gudun zamiya a kan dusar ƙanƙara ta 2029, wadda za a yi a kan tsaunin da ke bayan garin.